A Daina Gaggawar Ɗora wa Matuƙin Jirgin Sama Laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta zame wa kafofin watsa labarai jiki. Duk sa'ad da jirgin sama ya faɗi, tun kafin a gama kwashe tarkacensa sai a ji an ce kuskuren matuƙi ne. Mutane kuwa sukan karɓi wannan hukunci nan take, domin wanda ake zargi galibi yana cikin mamatan, ba shi da bakin kare kansa. Ni kuwa a ganina, kafin a tambayi abin da matuƙi ya yi, ya kamata a fara tambayar abin da jirgin ya faɗa masa, da kuma yadda ya faɗa masa.

Ɗakin tuƙin jirgin fasinja cike yake da na'urorin gargaɗi: akwai fitilu ja da masu ruwan ɗorawa, akwai ƙararrawa, akwai murya da aka naɗa mai kiran sunan haɗari, akwai kuma abin da ke girgiza sandar tuƙi a hannun matuƙi. Babu mai musun amfaninsu, domin na'urar da ke gargaɗi idan jirgi ya nufi ƙasa ko dutse, wadda aka fara tilasta sanya ta a Amurka a shekarun 1970, ta ceci rayuka masu yawa. Amma mutane ne suka tsara waɗannan na'urori, kuma su ma suna kuskure.

A watan Agusta na 2005 wani jirgi ƙirar Boeing 737 na kamfanin Helios ya tashi daga Larnaka a tsibirin Saifurus ya nufi Atina, babban birnin Girka, alhali an bar maɓallin da ke daidaita iskar cikin jirgin a inda ba zai yi aiki da kansa ba. Da jirgin ya yi sama, ƙararrawa ta yi kuka don sanar da cewa iskar shaƙa tana raguwa. Sai dai sautin nan ɗaya ne tak da na ƙararrawar da ke kuka a ƙasa idan ba a shirya jirgi daidai don tashi ba, matuƙan kuma suka ɗauka ita ce, suka shiga neman matsala a inda babu ita har ƙarancin iska ya sumar da su. Jirgin ya ci gaba da shawagi shi kaɗai har mansa ya ƙare, mutum 121 suka rasu. Wanda ya bai wa haɗari biyu mabambanta murya guda, ba ya cikin jirgin a ranar.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne jirgin Air France da ya faɗa tekun Atilantika ranar 1 ga Yuni, 2009, a kan hanyarsa daga Riyo di Janero zuwa Paris, ɗauke da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudun jirgin, na'urar da ke tuƙi da kanta ta saki, matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ɗaga hancinsa sama har fukafukan suka kasa ɗaukarsa, ya fara zubowa. Ƙararrawar da ke sanar da haka ta yi ta kuka, kuma a nan babu shakka matuƙan sun gaza. To amma an tsara kwamfutar jirgin ta yadda idan gudun da take gani ya yi ƙasa ƙwarai, sai ta ɗauka lissafin ba daidai ba ne, ta yi shiru. Saboda haka, idan matuƙin ya ɗaga hancin jirgin, wanda shi ne kuskuren, sai ƙararrawa ta mutu. Idan kuma ya sunkuyar da shi, wanda shi ne mafita, sai ta sake tashi. Cikin duhun dare, babu abin da ido ke gani a waje, na'urar tana tsawata masa a kan daidai, tana ƙyale shi a kan kuskure. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Faransa ta ambaci wannan a rahoton da ta fitar a 2012.

Haka nan jiragen Boeing 737 MAX guda biyu da suka faɗi, na Indunusiya a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris ɗin 2019, waɗanda suka ci rayuka 346. An sa musu wata manhaja mai danna hancin jirgi ƙasa, ta dogara ga ma'auni guda ɗaya mai auna yadda hancin jirgi ya ɗagu a cikin iska, kuma da farko ba a sanar da matuƙa cewa tana nan ba. Kamfanin Boeing ya ɗauka matuƙi zai gane matsalar ya magance ta cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali da ma'aunin ya lalace gargaɗi iri-iri ne suka tashi a lokaci guda, kamar mutumin da ke tsakiyar kasuwar Dole ana kiran sunansa ta kowace kusurwa. Duk da haka, a farkon lamarin an sami masu cewa matuƙan ƙasashen nan ne ba su ƙware ba.

Ban ce matuƙa ba sa kuskure ba. Jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ya faɗi a arewacin Mali a Yulin 2014 da mutum 116, bincike ya nuna ba a kunna na'urar hana ƙanƙara taruwa a injinansa ba. Sai dai ba a san hakan ba sai bayan an karanta akwatin naɗar bayanai, an yi watanni ana nazari.

Wannan magana ta shafe mu a Damagaram, ko da ba mu ƙera jirgi, domin alhazanmu da 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu waɗannan jirage suke hawa. Roƙona ga jaridu shi ne, idan haɗari ya auku, a jira rahoton farko wanda ƙa'idar duniya ta tanadi a fitar cikin kwana 30, a kuma bi sawun rahoton ƙarshe a fassara wa mai karatu abin da ya ƙunsa. Muna da makarantar koyon aikin jiragen sama da hasashen yanayi ta ASECNA, wato hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, a Yamai, kuma malamanta za su iya yi wa wakilanku bayanin abin da ya shige musu duhu. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa kuma ta riƙa bayyana wa jama'a, kafin jigilar alhazai, ko jiragen da aka ɗauko haya an yi musu gyare-gyaren da aka wajabta a na'urorinsu na gargaɗi.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga unguwar Birni, Damagaram