Sanarwa Kan Saƙa da Zaren Alfaka

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu saƙa. Ga bayani ga waɗanda suke shirin saƙa safar hannu ko mayafin kafaɗa da zaren alfaka, wato gashin dabbar nan ƴar'uwar raƙumi da ake kiwo a tsaunukan Andis, musamman a ƙasar Peru.

Zaren yana da taushi da ɗumi sosai, amma idan ya miƙe ba ya komawa yadda yake kamar ulun tumaki. A mayafi wannan ba aibi ba ne, domin shi ne yake sa ya kwanta luf a kafaɗa. Matsalar tana ga safar hannu, wadda bakinta kan saki bayan ƴan kwanaki har ta riƙa zamewa daga wuyan hannu, saboda haka ina ba da shawara a yi amfani da siririyar kibiya, a matse saƙar, ko a zaɓi zaren da aka gauraya da ulu.

Don Allah kafin a fara, a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a wanke shi da ruwan sanyi ba tare da murɗewa ba, a shimfiɗa shi ya bushe, sannan a auna. Kada a rataye shi da lema, domin nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo. Na gode.