Ƙarancin ruwa da wankin ɗakin nono a Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar abinci a nan Damagaram, musamman masu nono, masu injin markaɗe da mahauta.

Shekara 9 ke nan ina haɗa yawur ina ɗaurawa a leda a unguwar Sabon Gari. Duk wanda ya zauna garin nan ya san ruwa ne ciwonmu. Gari ne bisa dutse, ruwan famfo kuwa daga nesa ake jawo mana shi, daga su Gogo Machaya da Ganaram. In bazara ta kama, famfo ya yi shiru, sai mu koma ga 'yan ga-ruwa. Shi ya sa in ka ce wa mutum wurin aikinsa da dauɗa, amsarsa guda ce: ina ruwan yake? Ni ma na daɗe ina fakewa da wannan magana.

Asara ce ta farkar da ni. Cikin watan Mayun bara nono tukunya guda ya kumbura a leda tun kafin la'asar, dole na zubar. Na zargi mai kawo madara, na zargi ɗaukewar wuta. Sai da na sa yatsa ƙarƙashin leɓen tukunyar na ji santsi kamar yauƙin kuɓewa. Ashe ruwan da muke watsawa da kwano kullum ta sama yake wucewa, bai taɓa shiga wannan lungu ba.

Wani ƙanena mai gyaran famfo ne ya ɗaura mani kan feshi a bakin tiyo, irin mai maɗanni. Ka danna ruwa ya fito, ka saki ya tsaya. Da can yarana sukan yar da tiyo yana zuba su kama goga, alhali na gwada da agogo, a buɗe bai kai minti 2 ba yake cika bido mai lita 25. Yanzu ruwan yana fita a baje kamar mafici, yana kankare bango da tebur, yana shiga lungunan da kwano ba ya kaiwa. In babu ruwan famfo, daga tanki muke ja da ɗan ƙaramin inji.

Amma kan feshi shi kaɗai ba ya wanki. Mukan fara kwashe ragowar da hannu da tsintsiya. Sai ɗauraya da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, don tafasasshe dafa madarar yake yi ta manne a ƙarfe. Sai sabulu da ruwan zafi kamar digiri 50 zuwa 60 saboda maiƙo, a bar shi minti 10 kafin a goge a ɗauraye, daga sama zuwa ƙasa. Ruwan jabel, mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne na ƙarshe. Wanda ya zuba jabel bisa maiƙo kuɗinsa ya zubar, ƙwayoyin cuta suna nan kwance a ƙarƙashi.

Akwai kuskuren da ba na so kowa ya maimaita. Wata rana yarona, don neman suna, ya aro injin wankin mota ya sakar wa ƙasan ɗakin. Ƙarfin ruwan ya tayar da ƙazantar kwata ta zama hazo, ta sauka bisa tukwanen da muka riga muka wanke, har rufi sai da ya samu rabonsa. Ranar sau biyu muka yi wanki. Tun daga nan na kafa doka: ba a harbin kwata da ruwa mai ƙarfi, kuma kan feshi a ƙusa ake rataye shi, ba a barinsa ƙasa.

Roƙona ga masu sayar da kayan famfo a Kasuwar Dole: ku kawo mana kan feshi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na robar nan na ban ruwan lambu ne, nawa na farko wata 2 ya yi ruwan zafi ya tsaga shi. Ku haɗo da 'yar matata, don yashin da ke cikin ruwanmu yana toshe ƙofar kan feshin, kullum sai na kwance na wanke.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wata mai sana'ar nono,
Sabon Gari, Damagaram