Takardar Koke Kan Ambaliya da Rabon Tallafi a Unguwannin Bakin Jakara

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da biyayya, mu talakawanka mazauna bakin rafin Jakara, maza da mata, mun kawo kukanmu gabanka, domin kai ne ubanmu, kuma ƙofarka ce mafi kusa da mu.

Ruwan daren Talatar da ta wuce ya shiga ɗakunanmu har gwiwa. Katangun ƙasa sun zube, masai sun tumbatsa sun malala cikin rijiyoyi, hatsin da aka tanada ya jiƙe ya fara tsiro. Mata masu ƙosai da masu ɗinkin hula sun wayi gari babu jari. Har yanzu akwai iyalan da ke kwana a zaurukan maƙwabta, ga yara sun fara amai da gudawa.

Allah ya ja zamaninka, ruwa na Allah ne, ba mu ja da ƙaddara ba. Amma hanyar da ya bi ya shigo mana, mutane ne suka yi ta. Kududdufan da iyayenmu suka bari suna shanye ruwan birni an cike su, an kafa shaguna da benaye a kai, an ɗaga daɓensu sama, sai ruwan ya gangaro kan mai ginin ƙasa. Magudanai kuwa leda ta toshe su. Da ruwa ya ci Kantin Kwari a 2022, duk ƙasar nan ta ji. Namu yakan faru kusan kowace damina, ba ya wuce bakin lungu.

Yanayi ya sauya, dattawanmu shaida ne. Ruwa yakan yi jinkiri, in ya tashi zuwa ya sauko a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. A bazara zafi ya haura digiri 40. Mai hali ya kunna sola ya ja ruwa daga burtsatsensa, mu kuma mu bi 'yan ga-ruwa muna cinikin jarka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da gawayi da awo ba su bar mana abin sayen buhun siminti ba.

Mun sha rubutawa, mun sha zuwa. An zo an ɗauki sunaye, an ɗauki hotunan gidajen da suka rushe, an ce mu ƙara haƙuri. Da kaya suka iso, a gaban idonmu wanda ko tabarmarsa ba ta jiƙe ba ya tafi da katifa, bazawara mai marayu ta koma hannu rabbana. Ranka ya daɗe, wannan ya fi ruwan ciwo.

Muna roƙonka ka isar wa ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha cewa a tsara tallafi tun kafin damina, tunda hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashenta tun farkon shekara. A rubuta sunayen mabuƙata a gaban mai unguwa da liman da wakilan mata, a liƙa su a ƙofar masallaci kowa ya gani. Mudun shinkafa ba ya tayar da katanga. A ba mu siminti da kwano, a ba matanmu jarin da suka rasa. Matasanmu suna zaune babu aiki, a ɗauke su yasar magudanai da dashen itatuwa, a riƙa biyansu duk wata. A dakatar da cike sauran kududdufai, wanda ya riga ya gina a kan hanyar ruwa a sa shi cikin kuɗin gyara. A kawo mana maganin rijiya da ruwan sha a makon nan. Muna sake roƙo, don girman Allah, kada a bar rabon a hannun waɗanda suka yi na baya.

Damina ba ta ƙare ba, katangu da yawa sun tsage. Muna roƙon ka turo wakilinka ya zagaya lungunanmu kafin wani ruwan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara, amin.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin bakin Jakara, birnin Kano.