Kun tsallake batun sirri a shirin cibiyar Mishigan

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na daren Laraba kan cibiyar bunƙasa koyarwa ta Jami'ar Mishigan ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun cinye lokaci kuna yabon kwamfutoci da ɗakunan taro, sai ka ce su ne suka riƙe cibiyar tun 1962 da aka kafa ta a ƙarƙashin Stanford Ericksen, ita ce ta farko irinta a Amurka. Ko sau ɗaya ba ku ambaci sirri ba, alhali a kansa aikin ya tsaya.

A tsakiyar zangon karatu, malamin da kansa ke neman a zo ajinsa, ba shugaban sashe ke turo kowa ba. Jami'in cibiyar zai fara zama da shi ya ji abin da ke damunsa, sannan ya shiga aji ya zauna can baya yana kallo. Saura kamar minti 20 a tashi, malamin ya fita. A raba ɗalibai huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a tambaye su abu biyu: me ke taimaka musu wajen fahimta, me kuma suke so a sauya. Abin da rukuni ya amince da shi ake rubutawa, don kada mai baki ya danne sauran. Rahoton a hannun malamin kaɗai yake tsayawa. Ba ya shiga fayil ɗinsa, ba ya zuwa gaban kwamitin ƙarin girma.

Duk ranar da rahoton nan ya sauka a teburin shugaban sashe, babu malamin da zai sake buɗe ƙofar ajinsa. In aka jira ƙarshen zango, ɗaliban da suka yi ƙorafin sun wuce ba su amfana ba. In kuma malamin bai dawo a lacca ta gaba ya ce ga abin da zai gyara, ga wanda ba zai iya ba da dalilinsa, ɗalibai za su ja bakinsu su yi shiru har ƙarshe.

Shi ya sa furucin baƙonku cewa cibiya ce ta raunanan malamai ya yi mini ciwo. Wane farfesa ne zai kai kansa wurin da aka laƙaba wa wannan suna? Mai gabatarwa ya ji, bai ko tanka ba.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira, a ƙaramar rediyo yana shanye muryar baƙo.

Mai sauraronku,
daga Zariya