Zuwa ga Uwata a Bauchi, kan girki da tukunyar gas ɗin nan

Herwagana, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da Hajiya da duk mutanen gidan. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Auta ta iso lafiya, mun ga saƙo, Allah Ya yi albarka. Na zaunar da ita ta ba ni labarin gidanki tun daga bakin ƙofa har kicin, kuma kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Abin da na ji ne ya sa na ce a miƙo mini takarda, don a waya tun kafin in rufe baki kin ce "to Inna", kina ajiyewa kuma shi ke nan.

Ta ce tuwonki yana kamawa a gindi alhali sama bai nuna ba. Hannunki lafiyarsa ƙalau, wuta ce ta sauya miki. A murhun gidan nan kika koya, inda wutar itace ke lasar tukunya ta ko'ina, in an gama tuƙi a janye itace garwashi ya ƙarasa aikin. Wutar gas tsakiyar gindin tukunya take duka, ga tukwanen kayan aurenku ba kauri. Ki ɗauko tukunyar dalma da na cusa miki a cikin kaya, wadda kika ce ta tsofaffi ce. In kin yi talge ki rage wuta, ki bar shi ya dahu har warin ɗanyen gari ya fita, sannan ki riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan kina tuƙawa. Kin gama, ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki mai da wutar can ƙasa ya sulala. Tuwon da aka yi wa haka shi ke kwana ya yi ɗumame mai daɗi.

Miyar kuka kuma kada ki kaɗa ta ruwa yana tafarfasa, nan gudaji ke fitowa. Daddawa da albasa da kifi ko ƙashi su fara dahuwa tare har ƙamshin daddawar ya kwanta, sai ki rage wuta, hagu tana barbaɗa kuka, dama tana juya maburgi. Kuɓewa ɗanya ki ɗiga mata ruwan kanwa kaɗan, kada ki rufe tukunyar. Wake ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, zai dahu da wuri ya rage miki cin gas. Jar miya kuwa in kin ji tsamin tumatir, haƙurin suya ne ya gaza, ki bar ta sai mai ya taso sama.

Masa ita ce na fi so ki mai da hankali, don Bauchi aka kai ki, garin da ko yaro ya san mai kyau da marar kyau. Ki jiƙa farar shinkafar tuwo, ki ɗebi kaɗan ki dafa ta yi luguf, ta huce, ki haɗa da jiƙaƙƙiyar a niƙo. Wannan dafaffiyar ita ke sa cikin masa ya yi taushi. Ki sa yis da ɗan sukari ki rufe a wuri mai ɗumi. Yanzu da sanyin hunturu ya shigo ƙullu yana jinkirin tashi, kada ki yi gaggawar ƙara yis, ki ba shi lokaci. In ya tashi ki ɗanɗana, in tsami ya yi yawa ki kashe shi da ruwan kanwa. Tanda ta yi zafi kafin ki zuba, wuta kuma madaidaiciya, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye. Kuma ki roƙi Hajiya ta nuna miki yadda take tata. Babu ƙasƙanci a ciki, za ta ji daɗi ma.

Duk wannan in ya ɓaci a yau, gobe a gyara. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Auta ta ce tukunyar gas ɗinki, babbar nan mai kilo 12.5, a cikin kabad ɗin kicin kika saka ta kika rufe don kada ta ɓata miki kwalliya. Ta ce tagar kicin kullum a rufe saboda ƙura. Ta ce sai kin murɗa kan risho sannan ki fara neman ashana. Ta kuma ce da safe ta ji wari ta gaya miki, kika ce ai haka yake yi. Uwata, haka yake yi? Da ta faɗi wannan sai da na ajiye abin da ke hannuna.

Warin nan da gangan ake zuba shi a cikin gas don mutum ya ji ya san yana yoyo, don haka duk ranar da kika ji shi risho a kashe, akwai inda yake fita. Kuma gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ya fito ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a cikin kabad, a ƙarƙashin firji, a bakin ƙofa. Kina tsaye hancinki bai ji da yawa ba, ƙafafunki kuwa a cikinsa suke. Ƙyastin ashana ɗaya, ko ɗan tartsatsin makunnin fitila in an kawo wuta, ya isa.

Ki fito da tukunyar daga kabad yau, ba gobe ba. Ta zauna a tsaye inda iska ke ratsawa, nesa da risho, in da hali maigidanki ya sa a huda bango a yi mata keji a waje cikin inuwa. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunyar da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In kumfa tana tasowa, nan ne yoyon, ki rufe, kada ki kunna sai mai gyara ya zo. Kada wani ya ce miki a gwada da ashana. Tiyon ki lanƙwasa shi ki duba, in ya fara tsattsagewa a sauya, kuma a sayi na gas, a ɗaure bakinsa da ƙarfen matsewa. A jikin tukunyar akwai shekarar da aka ƙera ta, ki sa ya duba, wadda ta haura shekara 15 ta gama aikinta. In za a cika, kada a danƙara ta har wuya, ana barin fili don gas yana kumbura da zafi, kin kuwa san zafin da ke zuwa bayan hunturu. Ashana ki fara ƙyastawa sannan ki murɗa. Kin gama girki, ki rufe gas ɗin daga kan tukunyarsa. In kin ji wari, kada ki taɓa makunni ko na kashewa ne, ki rufe tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa da taga, ki fita, wayar ma sai a waje. In mai ya kama da wuta a kasko, ki kashe risho ki kifa murfi. Ruwa a kan mai mai ci tashi yake ya watsu a fuskar mutum. Ki ajiye lambar nan ta kiran gaggawa, 112, a wayarki.

Sannan hijabin nan mai santsi da kike girki da shi, ki cire. Irin yadin nan in ya kama narkewa yake ya manne a fata. Ki ɗaura zanen atamfa da kallabi, ki naɗe hannun riga.

Ke da kika yi karatu har jami'a, ni ce zan zauna ina rubuta miki wannan? Ƙanwarki ta gaya miki gaskiya kika mayar da ita yarinya. Wace kwalliya ce ta fi ranki? Kun sha cewa Inna ta cika tsoro, ta hana ku sakewa a madafa, ko itace kuka gyara sai ta yi magana. Na ji, ban kuma fasa ba. Kin san dalilin da ya sa Goggonki ta Kumo ba ta sauke mayafi ko a cikin mata. Ni na yi jinyarta, ku kuna ƙanana aka kai ku gidan Kawu. Abin da idona ya gani a kwanakin nan ba zan so maƙiyina ya gani ba, balle a kira ni daga Bauchi a ce in taho. Ga shi kuma, in abin da Auta ta raɗa mini gaskiya ne, yanzu ba ranki kaɗai kike ɗauke da shi ba.

Ki yi haƙuri da zafin maganata, Uwata. Na san kina ƙoƙari, Auta ta ce gidanki tsaf, ta ce maigidanki har ƙari ya nema a dambunki, na ji daɗi ƙwarai. Ki karanta masa wannan sashen na gas, cikin ladabi, ki ce roƙo ne daga gare ni.

Babanku zai shiga Tudun Hatsi ranar Asabar, zan sa ya auno miki wake da shinkafar tuwo, in haɗa da kuka da daddawar da na yi, a ba direba. Waken ki shanya shi ya bushe sosai, ki zuba a jarka mai murfi da busasshen barkono, ki toshe bakin, kada ki bari kowa ya sa miki maganin ƙwari a abin da za ku ci. In tumatirin Dadin Kowa ya yi araha zan yanka in busar miki. Da an fito da tukunyar an gwada ta da sabulu, ki sa a ɗauki hoto ki turo wa Auta ta nuna mini.

Allah Ya tsare ku, Ya ba ku zaman lafiya. Ki gaida Hajiya da kyau.

Mahaifiyarki,
Inna