Grixis: makabartar ɗan wasa ba juji ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina neman ɗan fili don jan hankalin masu buga wasan katin Magic: The Gathering, musamman sababbin shiga da suka zaɓi duniyar Grixis.

Kamfanin Wizards of the Coast ne ya fito da ita a 2008, cikin jerin Shards of Alara. A ƙagaggen labarin, duniyar Alara ta tsage gida biyar, Grixis ta tashi babu farin mana (ƙarfin da ake biya a buga kati) babu kore, wato launukan da ke ɗauke da tsari da rayuwa. Shuɗi da baƙi da ja kaɗai suka rage, ƙasar ta zama kufai, gawarwaki na yawo a kan tulin ƙasusuwa. Wannan labari ne aka zuba cikin ƙa'idar unearth, kuma a nan mutane ke yin asara.

Katin da ke da ita, idan ya faɗa makabarta, wato inda ake ajiye katunan da suka mutu ko aka yar, kana iya biyan mana ka tono shi ya kai hari nan take. Dregscape Zombie mana biyu ne daga hannu, baƙi ɗaya daga makabarta. Amma tonon na juyi ɗaya ne: da ƙarshen juyin za a fitar da shi daga wasan gaba ɗaya. Ba a kuma tonowa sai a juyinka, a babban zango, lokacin da babu wani kati da ke jiran aiki. Ke nan ba zai taɓa tare maka harin abokin karawa ba. Wanda ya tono Sedraxis Specter bayan an gama zangon faɗa ya zubar da mana biyu a banza, don sai ya bugi abokin karawa yake sa shi yar da kati. Dabarar mayar da tonannen kati hannu ma ba ta ci, duk hanyar da zai bar fili waje za a yi da shi.

Sai batun ƙasa, wato katunan da ke samar da mana, wanda ya fi damuna. Launi uku ba wasa ba ne. A kati 60, a ware kamar 24 na ƙasa, a sa Crumbling Necropolis huɗu, mai ba da launukan uku duka, ko da yake a kwance yake shigowa, wato ba ya ba da mana nan take, a kuma rinjayar da baƙi tunda yawancin tonon da shi ake biya. Cruel Ultimatum na neman shuɗi biyu, baƙi uku, ja biyu, ƙasar da aka raba daidai wa daida sau da yawa kan bar shi a hannu har a tashi.

Kada kuma a tara komai a makabarta ana jiran lokaci. Relic of Progenitus na share makabartu duka da mana ɗaya, don haka da zarar ya sauka a fili, a tono abin da za a iya a juyi na gaba.

Naku,
Wani mai karatu