Kada Ka Bar Makarantar Nan Tukuna

Ɗana,

Bayan gaisuwa, mutanen gida duk lafiya lau, zafin Tawa ne dai sai haƙuri.

Innarka ta ce kana son barin makarantar zanen nan ta Yamai, wai ƙarama ce, ba a san ta ba, kuma ana sa ku shara da ɗaukar bulo. Maganar ta hana ni barci.

Akwai wata makarantar fasaha a Amurka da labarinta ya zauna mini a rai tun ina koyarwa, sunanta Black Mountain, a jihar Karolina ta Arewa. An buɗe ta a 1933, rashin kuɗi ya rufe ta a 1957. Ɗalibanta noma suke yi, su share, su ɗauki kaya, har ginin karatunsu da hannunsu suka ɗaga shi tare da malamai. Kaɗan ne cikinsu suka fita da takardar shaida. Amma yau, shekara sittin da ɗoriya, masu zane da rawa da kiɗa na ƙasashe da dama daga rijiyarta suke sha.

Malaminsu Josef Albers, wanda ya baro Jamus da matarsa Anni, masaƙiya, bayan an tilasta rufe makarantar Bauhaus, takarda da ganye da waya yake ba su, su juya su har idonsu ya buɗe. A nan Buckminster Fuller, mai zanen gine-gine, ya gwada ɗaga wata ƙubba da ya tsara a 1948 ta ƙi tsayawa, da shekara ta zagayo ta tsaya. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ɗalibarsu Ruth Asawa. Saƙar wayar da ta kai ta manyan gidajen tarihi, wurin masu saƙa kwando a Meksiko ta koye ta, ba ta raina su ba.

Kai ga dukawa da maƙeran azurfa nan kusa da kai, a gidan tarihi na Boubou Hama da kuma cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata. Ka taɓa durƙusawa gabansu ka ce a koya maka? Ka je, ka gaishe su da ladabi, in sun miƙo tsintsiya ka karɓa.

Ban ce takarda banza ce ba, da ita na ciyar da ku. Ka dai ƙarasa shekarar nan, in ka zo hutu mu zauna.

Na aiko maka jika goma na fenti. Innarka tana jiran hoton da ka yi mata alkawari.

Babanka,
Tawa